Akwatin DI mai ƙarko: wanne ya dace da aikin fili a Kaduna?

Wani ƙanena a sana'a, mai bayar da hayar kayan sauti a wajen Tudun Wada, ya aiko min da tambaya. Ya ce cikin shekara ɗaya da rabi ya sayi akwatin DI, wato ɗan akwatin da ake sawa tsakanin kayan kiɗa da mikisa (na'urar haɗa sauti), har sau uku, biyu sun mutu, na ukun kuma ƙugi yake kawowa. Abin da ya fi ƙona masa rai, wata ranar dina fiyano ya ɗauke ɗif ana tsakiyar shigowar amarya. Yana so ya san wanne zai saya ya huta, mai cin wuta ko marar cin wuta, sannan ko masu tsadar nan sun ci kuɗinsu ko suna kawai ake saya.

Ƙanena, ka fara da akwati marar cin wuta, wanda ake kira fasif, mai taransifoma ta ƙwarai a cikin gangar ƙarfe, ka ba fiyano da kwamfuta. Mai cin wuta, wato aktif, ka saye shi daga baya, guda ɗaya ma ya ishe ka, saboda bes da jita. Gara ka mallaki biyu na kirki da shida na banza. Bari in faɗa maka dalili, don idan ka gane dalilin ba mai sake sayar maka da fenti da rubutu.

Aikin akwatin nan guda uku ne. Sautin da ke fitowa daga bayan fiyano ko jita yana tafiya ne a wayar jak, mai sili ɗaya a tsakiya da raga a kewaye. Irin wannan waya ba ta son nisa. Da ta wuce mita biyar ko shida sai ta fara kwasar hayaniyar duk wata wayar wuta da ta gitta, in jita ce kuma sai kaifin muryarta ya fara dusashewa. Akwatin DI yana mayar da sautin kan wayar kanon mai ƙafa uku, irin ta makirufo, inda sili biyu ke ɗauke da sautin a juye da juna. Duk dattin da wayar ta kwaso a hanya yana shiga silin biyu daidai wa daida, mikisa kuma bambancin da ke tsakaninsu kawai take karɓa, sai dattin ya kashe kansa. Shi ya sa za ka ja waya mita 50 daga dandali zuwa bayan rumfa ba ka ji komai ba. Aiki na biyu, yana rage ƙarfin sautin ya yi daidai da mashigar makirufo, ya kuma sauke wa kayan kiɗan lodin da mikisa za ta ɗora musu. Na uku, wanda shi ne ya fi damun mu a garin nan, yana raba ƙasar wutar dandali da ƙasar wutar mikisa, ƙasa a nan tana nufin layin da ke haɗa jikin na'ura da ƙasa.

A kan wannan na ukun zan fi daɗewa, don nan ne yawancin kuɗinka ke tafiya.

Ka duba yadda muke aiki. A ɗakin taro mai kyau ma, sau da yawa soket ɗin da ke kusa da dandali daban ne da wanda ke bayan ɗaki inda ka ajiye mikisa. A fili kuwa ba a magana: janareto ɗaya ga amfilifaya, wani ƙarami ga mai hoto, masu fitilun ado sun saƙala nasu a kan layinka ba tare da sun gaya maka ba, ga wayar ƙari da aka yi wa ɗori uku. Kowane ɗaya daga cikin kayan nan yana da abin da ya ɗauka a matsayin ƙasa, kuma ƙasashen ba su zo daidai ba. Da ka haɗa fiyano da mikisa da waya, sai wannan ɗan bambancin ya samu hanya, ya bi ragar wayar yana gudana. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, don haka ƙugin da kake ji a lasifika, wannan mai kauri da ba ya hawa ba ya sauka, muryar wutar ce da kanta. In ka ji ya haɗu da zizza kamar ta ƙudan zuma, to cajar kwamfuta ko na'urar rage hasken fitila ta sa baki.

Taransifoma ita ce maganin wannan. Waya ce aka naɗe ƙulli biyu a jikin ƙarfe ɗaya, ƙullin farko bai taɓa na biyu ba, sautin yana tsallakawa ne ta maganaɗisu. Idan ka danna maɓallin da aka rubuta LIFT a kansa, ka yanke ƙafa ta ɗaya ta kanon, wadda ita ce ta ƙasa, daga ragar jak, to babu sauran wani ƙarfe da ya haɗa dandali da mikisa ta wannan layin. Ƙugi ya rasa gada. Na taɓa yin aikin wa'azi a wani fili a Rigasa, da damina, inda aka jona kwamfutar da ake sa karatu a wutar wani shago, mu kuma muna kan janareto. Ƙugin ya kai ana jin sa a ƙarshen layi. Yaron da ke taya ni ya canza waya uku bai yi ba. Akwatin fasif ɗaya na ciro daga jaka, muka sa a tsakani, na danna maɓallin, wurin ya yi tsit. Tun daga ranar yaron nan ba ya fita aiki sai da ɗaya a aljihun jakarsa.

Sai dai taransifoma suna suka tara. A akwatin DI yawanci naɗin kusan 12 ne a kan 1, wanda ke sauke sautin da desibel 20 da ɗan ɗoriya, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Wannan kowa zai iya naɗawa. Bambancin yana cikin irin ƙarfen da aka naɗa wayar a kai, da girmansa, da kuma ko an lulluɓe shi da garkuwar da ke tare maganaɗisun waje. Ƙaramar taransifoma mai arha tana cika da wuri, kuma sautin ƙasa mai ƙarfi ne ke cika ta. Ka tuna yadda mawaƙanmu ke amfani da fiyano: daga cikinsa ganga take fitowa, daga cikinsa bes, daga cikinsa kalangu da algaita, duk a mafita ɗaya, mai kiɗan kuma ya murɗa bolum kusan ƙarshe. In akwatinka ba shi da ƙashi, za ka ji bugun gangar ya zama kamar an buga kwali, bes yana kakkarwa, kai kuma ka yi ta zargin lasifika. Ta ƙwarai tana ɗaukar wannan duka ba ta nuna gajiya ba, in ma ta kusa cika sai ta tausasa sautin a hankali maimakon ta yaga shi.

Sunan da ya fi fice a wannan fanni shi ne Jensen, kamfanin Amurka da Deane Jensen ya kafa a 1974. Taransifomarsu ce a cikin Radial JDI, akwatin nan kore da ake yi a Kanada, wanda za ka tarar da shi a manyan dandali da yawa a duniya. Yana da maɓallin rage desibel 15, yana da na juya ƙafafun kanon, yana da wani da ke haɗe hagu da dama su zama layi ɗaya. In aljihunka bai kai nan ba, kamfanin yana da ProDI, wanda taransifomarsa ba ta Jensen ba ce amma gangar jikinsa irin ɗaya ce, kuɗinsa kuma kusan rabi. Akwai ɗan'uwansa mai layi biyu, ProD2. Ni a ganina, ga mai aikin biki da taro a Kaduna, waɗannan biyun su ne tsakiyar hanya. A cikin hayaniyar dina ba mai jin bambancin JDI da ProDI, amma kowa zai ji bambancin ProDI da akwatin roba marar suna. Whirlwind IMP 2 na Amurka da Palmer PAN 01 na Jamus su ma fasif ne masu sauƙin kuɗi da suka daɗe ana aiki da su, ba su da ado, maɓallansu kaɗan ne, kuma ƙarancin maɓalli ai ƙarancin abin da zai lalace ne.

Wata fa'idar taransifoma da mutane ba su cika lura da ita ba: tana tare wutar fantom, wato wutar da mikisa ke turawa ta wayar kanon don ciyar da wasu makirufo. Ƙananan mikisocin da muka fi amfani da su maɓallin fantom ɗaya gare su, in ka danna don makirufo ɗaya, bolt 48 ya tafi kowace mashigar kanon. Yaran da ke haɗa waya mai jak a kai ɗaya da kanon a ɗaya kan, su jona fiyano ko kwamfuta kai tsaye, suna tura wannan wutar ne cikin mafitar na'urar da ba a yi ta don ta karɓa ba. Wata za ta jure, wata kuma mafitarta ta ƙone. Fiyano irin Yamaha PSR ko Korg Pa da mawaƙi ya tara kuɗin shekara ya saya, bai kamata a yi caca da shi don tsimin kuɗin akwati ba. Da fasif a tsakani, wutar fantom ba ta da hanyar tsallakawa.

To ina amfanin aktif? Amfaninsa na ga kayan da muryarsu ba ta da ƙarfi. Bes ko jitar da ba ta da batir a cikinta, abin da ke ɗaukar sautin igiyarta ɗan naɗin waya ne mai rauni. In ka ɗora masa lodi mai nauyi sai ya durƙusa, sautin ya fito a shaƙe. Ana auna nauyin lodin da om, kuma yawan adadin shi ne sauƙin lodin. Mashigar makirufo ba ta wuce om dubu biyu ko uku ba, wannan lodi ne mai nauyi ƙwarai. Fasif irin JDI yana nuna wa jita om 140,000, wanda ya wadatar da fiyano da bes mai batir, har ma da bes marar batir a mafi yawan lokuta. Amma jitar katako mai ɗan faifan ɗaukar sauti da ake kira fiyezo a ƙarƙashin igiya, da goge ko gurmin da aka manna wa irin wannan faifan, suna son miliyan ɗaya ko fiye. In ba su samu ba, za ka ji sautin ya zama siriri, mai tsini, ba ciki. Nan ne aktif ke shigowa. BSS AR-133 yana ba da om miliyan 1, yana cin fantom ko batir mai bolt 9, yana da matakin rage sauti na desibel 20 da na 40. Countryman Type 85 na Amurka yana ba da miliyan 10, shi ma yana cin fantom ko batir, kuma gangar jikinsa mai kauri ce har masu sana'a sun san shi da jure duka. Radial J48 fantom kaɗai yake ci, yana da kyau ƙwarai ga bes, amma om ɗinsa 220,000 ne, don haka ba shi ne zaɓin farko ga fiyezo ba. In ƙungiyoyin mawaƙan coci na wajen Barnawa da Sabon Tasha suna cikin masu ɗaukar kayanka, su da ke zuwa da bes da jita biyu, to kai aktif ɗaya ba zai ishe ka ba, ka nemi biyu.

Ƙa'idar da muka gada mai sauƙi ce: kayan kiɗan da yake da wuta a cikinsa, ka ba shi fasif, wanda ba shi da wuta, ka ba shi aktif.

Abin da ya sa ban ce ka fara da aktif ba shi ne yana da rai, kuma duk mai rai sai an ciyar da shi. In an ɗauke wuta aka koma janareto, mikisa ta mutu ta farfaɗo, fantom ya yanke ya dawo, wasu akwatunan sai sun saki tsawa a lasifika. Wasu ƙananan mikisocin ma ba sa cika bolt 48 ɗin da aka rubuta, musamman in an jona musu abubuwa da yawa masu ci, sai akwatin ya fara yaga sauti tun bai kai inda ya kamata ba. In ka dogara da batir kuma, ranar da ka manta ba ka canza ba ita ce ranar babban aiki. Mafi muni shi ne batirin da aka bari a ciki wata uku a ɗakin ajiya mai zafi, ya yi yoyo ya cinye ƙafafunsa. Ina kyautata zaton abin da ya same ka ranar dinar nan bai wuce ɗaya daga cikin waɗannan ba, ko kuma jak ne ya saki. Fasif ba ya neman komai a wurinka. Ka ajiye shi shekara biyar, ka ɗauko, zai yi aiki.

Yanzu maganar ƙarko, wadda ita ce ainihin tambayarka. A shekarun da na yi ina buɗe matattun akwatuna, da wuya in ga wanda taransifomarsa ta ƙone. Abin da ke mutuwa shi ne ramin jak, da maɓalli, da dalmar da ta riƙe su. Ka yi tunanin rayuwar akwatin DI a hannunmu. A ƙasa yake kwana, masu liƙi suna taka shi, mai fiyano yana fizge waya da ƙafa, in an tashi a jefa shi cikin buhu tare da sandunan makirufo, a ɗora a bayan a-kori-kura daga Kawo zuwa Kakuri. Saboda haka in ka ɗauki akwati a shago, kafin ka karanta komai a jikinsa, ka duba ramin jak. In an ɗaure shi da noti a jikin gangar, to duk fizgar da aka yi ƙarfe ne zai sha ta. In kuwa leƙowa kawai ya yi ta rami, dalma ce kaɗai ke riƙe da shi a kan allon ciki, to kowace fizga tana tsattsaga dalmar, wata rana sauti ya dinga zuwa yana ɗaukewa. Ka sa jak ka cire sau da yawa, ka ji ko yana kamawa da ƙarfi. Kan kanon ma haka, a ce da kusoshi aka ɗaure shi. In ka ga sunan Neutrik ko Switchcraft a jikinsa, alama ce mai kyau, ko da yake su ma ana yin jabunsu.

Sai maɓallai. Duk maɓallin da ya fito waje tsirara, ranar karyewarsa tana nan tafe. Shi ya sa na Radial aka yi murfinsu ya zarce kamar bangon littafi, maɓallan da ramukan suna ɓoye a ƙarƙashin leɓen ƙarfen, in an taka akwatin ba a taka su ba. Countryman shi ma ya cusa nasa ciki. Ba lallai sai waɗannan sunayen ba, siffar kake nema. Ka kife akwatin a kan tebur ta kowane gefe, in wani maɓalli ya taɓa teburin, ka san da shi. Gangar kuma ta zama ƙarfe ko alminiyo mai kauri. Roba ba ta tare hayaniya, ba ta jure rana. Ƙasansa ya kasance da shimfiɗar roba don kada ya dinga zamewa, kuma kada jikinsa ya taɓa ƙarfen dandali ya sake haɗa ƙasar da ka raba.

Kada ka manta da yanayinmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga kowane rami, ta kwanta a kan harsunan jak da cikin maɓalli. Damina ta zo, laima ta jiƙa ƙurar, ta zama tsatsa. Maɓallin LIFT da ba a taɓa shi ba wata shida, ranar da ka danna sai ya yi ƙaraf-ƙaraf. Maganin ba wuya: akwatin kaya mai murfi na DI kaɗai, da feshin wanke mahaɗar wuta sau biyu a shekara, da danna kowane maɓalli sau goma kafin a fita aiki. Kada ka fesa man da ake sa wa kwaɗo ko sarƙar babur, yana tara ƙura ne.

Za ka tambaye ni masu arha fa, irin Behringer da suka cika kasuwa. Ba na raina su. DI400P fasif ne ƙarami a gangar ƙarfe, DI100 aktif ne mai kusurwoyin roba da ke cin fantom ko batir, kuma dubban mutane da su suka fara sana'a. Kuɗin JDI ɗaya zai saya maka DI400P wajen takwas ko goma. Ga taron lacca, ko sa karatu daga waya, ko abin da za ka ajiye a jaka don ko-ta-kwana, sun wadatar. Abin da nake cewa kawai, layin da in ya ɗauke taro ya tsaya, wato fiyanon mawaƙi, shi za ka ba mafi kyawun abin da kake da shi. Waɗanda nake hana ka su ne marasa suna kwata-kwata, da masu sunan aro. Yawancin kayanmu daga kasuwar Alaba ta Legas suke hawowa kafin su iso shagunan garin nan, na gaske da jabu a mota ɗaya. In aka ce maka ga JDI sabo fil a kuɗin da bai kai rabin na ko'ina ba, ka ajiye shi ka yi gaba. Na hannu da aka shigo da shi daga waje, mai ƙujewar fenti, in na gaske ne ya fi sabon jabu sau goma, musamman fasif, tunda ba abin da ke tsufa a cikinsa sai ramukan da maɓallai, su kuma ana canza su.

Ka je kasuwa da mitar awo a aljihu, irin ta masu gyaran rediyo. In fasif ne, ka sa jak a mashiga, ka danna LIFT, ka auna tsakanin jikin jak da ƙafa ta ɗaya ta kanon: kada mitar ta yi ƙara. Ka saki maɓallin, ta yi ƙara. Ka auna tsakanin tsinin jak da ƙafa ta biyu, sannan ta uku: babu haɗi ko kaɗan. Tsakanin ta biyu da ta uku kuwa za ka ga ɗan ƙaramin adadi, wannan shi ne naɗin taransifomar. In ka samu tsinin jak a haɗe da ƙafar kanon kai tsaye, to babu taransifoma a ciki, waya ce aka sa wa gida. Na taɓa buɗe irin wannan da wani yaro ya kawo min, an manna guntun ƙarfe a ciki don ya yi nauyi a hannu. In mai shago ya yarda, ka kwance kusoshi huɗu ka leƙa. Sannan ka nemi a jona fiyano, ka ɗaga bolum, ka danna maɓallan fiyanon na hagu, masu sautin ƙasa, tare da ganga, ka saurara. Ka ɗaga akwatin ka girgiza wayar a bakin rami ana cikin kiɗan. Sai an gwada akan san na ƙwarai, mai shagon da ya hana ka gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Game da hagu da dama, kada ka wahalar da kanka. A fili ko ƙarƙashin rumfa, inda mutum yake zaune kusa da lasifika ɗaya, layi ɗaya ya fi. Bayan fiyano akwai ramin da aka rubuta L/MONO ko L/L+R, ka ɗauka daga nan kaɗai, na'urar da kanta za ta haɗe biyun. Kwamfuta da wayar hannu ne ke da matsala, don ba su da irin wannan ramin. Kada ka murɗe silin hagu da na dama wuri ɗaya, mafitan biyu za su yi ta kokawa da juna, sauti ya lalace. Ko ka sa akwati mai layi biyu, ko irin Radial ProAV1 da aka yi don ya karɓi ƙaramin jak ya haɗe su yadda ya dace. Ramin da aka rubuta THRU kuwa na mai kiɗa ne, ya kai wa amfilifayarsa ta dandali don ya ji kansa.

Kuma kada ka ɗora akwatin a kan sitabilaiza ko kan amfilifaya. Manyan taransifomomin da ke cikinsu suna watsa maganaɗisu, ƙaramar da ke cikin DI ta kwasa, ka samu ƙugin da maɓallin LIFT ba zai taɓa kashewa ba. Taku biyu ka matsar da shi ya isa. Haka nan kada ka jona mafitar lasifika ta amfilifaya a akwatin DI sai in an rubuta a jikinsa cewa yana karɓa.

Akwai abu ɗaya da zan roƙe ka don Allah. Maɓallin LIFT ƙasar sauti yake yankewa, ba ƙasar wuta ba. Na sha ganin yara sun karya doguwar ƙafar filogi, ta ukun nan ta sama, ko sun yanke koriyar waya, don sun lura ƙugi yana raguwa. Wannan ƙafar ita ce ke kwashe wuta ta kai ƙasa in wani abu ya tsinke a cikin amfilifaya ya taɓa jikinta. In ka cire ta, hanyar da ta rage wa wutar ita ce ragar waya, zuwa makirufo, zuwa leɓen malamin da ke wa'azi ko hannun mai jitar da ke tsaye a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Bolt 230 ne. In mawaƙi ya ce maka makirufo yana ɗan cizon sa, ka tsayar da komai ka nemi mai wayarin, akwatin DI ba ya maganin wannan. Janaretonka a kafa masa sandar ƙasa, wayoyin ƙarinka su zama masu sili uku da aka jona duka ukun, kuma in da hali dandali da mikisa su sha daga layi ɗaya. In ka yi haka, rabin ƙugin ma ba zai taso ba.

Da ni ne kai, da kayan da ka ce kana fita da su, zan sayi fasif mai layi biyu na kirki guda ɗaya, ya riƙe fiyano biyu ko fiyano da kwamfuta, tunda kowane layi zaman kansa yake. Bayan aiki biyu ko uku in ƙara fasif mai layi ɗaya. Aktif sai ranar da mai bes ko mai jitar katako ya zama abokin aikinka na kullum. Ka rubuta sunanka a jikinsu da fenti mai haske, don ƙananan kaya ne, sun fi ɓacewa a wurin tattara kaya da dare fiye da yadda suke lalacewa.

Ukun nan da ka ce sun ba ka kunya kuma, kada ka zubar. Ka kai wa mai gyaran rediyo ya buɗe, ya sake dalmar ramukan jak da ta maɓallin LIFT, ya duba gidan batir. Wanda ya farfaɗo a cikinsu ka sa shi a jaka ya zama na ko-ta-kwana.